Shekara Bakwai da Na Yanke

Zuwa ga Yayata, abokiyar tagwaitakata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya ƙafar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki yi dariyar rubutun nan da ya yi manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya, idon ne.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe su duka biyun, kuma in ba a yi wa na hagu aiki a shekarar nan ba, shi ke nan na rasa shi. Ni da na yi shekara da shekaru ina tuƙa motar ma'aikatar ruwa ban taɓa take ko kaza ba, yau da lalube nake gane ƙofar banɗaki. Kuɗin aikin kuwa, ko gadon da nake kwana a kai na sayar ba zai kai ko'ina ba.

'Yata Auta ce ta riƙe hannuna zuwa ofishin inshorar lafiya ta gwamnati. Ɗaki ne mai benci huɗu da fanka ɗaya, cike da tsofaffi. Ma'aikaciyar da ke bayan taga ta yi mini bayani dalla-dalla. Duk wanda ya kai sittin da biyar ana yi masa rajista kyauta. Ganin likita da aikin ido suna ciki, magani mutum ya biya kashi ɗaya cikin goma, tabarau kuwa ba ruwansu. Bayan rajista sai a jira wata uku. Na miƙa katina na shaida ina washe baki. Ta duba, ta ce, "Baba, ai kai yaro ne. Sittin da biyu gare ka. Ka dawo bayan shekara uku."

Yaya, kin san ni da ke sittin da tara muke. Abin da ba ki sani ba shi ne wannan. Shekarar da aka sake mana fayil a wurin aiki, yara suna ƙanana, akawu ya tambaye ni shekarar haihuwa, na yanke bakwai don kada ritaya ta zo mini da wuri. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har marigayiya uwar yaran. A gaban tagar nan na karɓi katina kawai muka fito. A hanya Auta tana share hawaye tana cewa za ta sayar da keken ɗinkinta. Wallahi ba za ta sayar ba ina raye.

Katin asibitin da aka haife mu, wanda aka rubuta mu tare, yana cikin akwatin Inna da ke wurinki. Ki duba mini shi don Allah.

Ki gaida kowa da kowa.

Ɗan'uwanki,
Direba

*

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida. Ina fatan ƙafa ta yi dama.

Wasiƙarki ta iso, Auta ta karanta mini ita da ƙarfi, don haka ba sai na wahala wajen neman yadda zan gaya mata ba. Kin wanke ni tas, kuma na cancanta. Da ta zo wurin da kika ce ashe tun tuni kina da ƙanin da kika girma da shekara bakwai ba ki sani ba, sai ta ninke takardar. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni ne fa mai zane yarana a kan ƙaryar canjin cefane. Sai ta ce, "Baba, a cikin shekarun nan bakwai na gama makaranta, ko?" Na ce haka ne. Ta tashi ta kawo mini ruwa.

Kin ce in yi hattara, masu fansho ba za su ƙyale ni ba. Na riga ki. Jiya na je da ƙafata na tambaya. Jami'in ya rage murya, ya ce in na gyara shekaruna za a sake lissafi, a rage abin da ake ba ni duk wata, kuma wasiƙar za ta shiga fayil. Har shawara ya ba ni in yi gum da bakina in jira shekara ukun. Na ce masa idona bai san da wannan yarjejeniyar ba.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Fanshon nan dama da kyar yake kai mu tsakiyar wata. Amma na gwammace in ci kaɗan ina ganin abin da ke cikin kwanon. Na yanke shawara, ba gudu ba ja da baya.

Kati kaɗai ba zai isa ba, sai da shaida mai rai a gaban mai rantsarwa. Ki zo ranar Talata, ki taho da katin da naki na shaida. Hawa biyu ne a ginin, zan sa a ajiye miki kujera a ƙasa ki huta tukuna. In kin ga dama ki ci gaba da yi mini faɗa a kan bencin, zan saurara.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ɗan'uwanki,
Direba

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Yaya jikin maigida? Na san shi ya hana ki dawowa ranar aikin, ban yi fushi ba. Tsayuwar da kika yi mini a gaban mai rantsarwa, kina dogara sanda, ba zan manta da ita ba.

Wata ukun jiran nan sun fi mini shekara tsawo. Kullum da safe sai in rufe idon dama in gwada na hagu, in ga ko ya tafi. Bai tafi ba. Ranar Litinin aka yi aikin. Ba a karɓi komai a hannuna ba sai kasona na maganin ɗigawa, Auta ta biya da kuɗin ɗinkin riga ɗaya. Da suka ce in sayi tabarau nasu na ce a'a, na san wannan ba ya ciki, zan nema a waje da sauƙi. Ma'aikaciyar asibitin ta yi dariya ta ce Baba ya haddace dokar. Na riga na sa sunana a layin idon dama.

Da aka cire bandeji, abin da na fara gani furfura ce a goshin Auta. Ban san ta fito ba. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Da muka dawo gida muka tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofa, daga ofishin fansho. Auta ta miƙa hannu za ta buɗe kamar yadda ta saba, na ce ta ba ni. Na zauna a bakin taga. Sun rage, Yaya, sun rage sosai, kuma sun rubuta abin da na aikata ba tare da sun saya ba. Na karanta ta daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun da ke gindin hatimi, ban tsallake ko harafi ɗaya ba, kuma ba wanda ya taya ni.

Ki gaida maigida da jiki.

Ɗan'uwanki,
Direba