Waƙar da Baba Sule Ya Ƙi Ba Maki

Karaye, daren Alhamis

Bayana ciwo yake saboda zaman keken ɗinki, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Bayan la'asar muna shago ni da abokina Habu, muna abin da muka saba: a sa waƙa a waya, kowa ya ba ta maki cikin goma, a yi ta gardama. Na sa ta ƙasar wajen nan mai jita, wadda nake ji da ita. Habu ya ce uku, wai ƙarar injin niƙa ce. Raina ya ɓaci, na ce masa kunnensa na ado ne.

Sai ga Baba Sule na Ruwan Bago ya zo karɓar rigarsa. Da ƙuruciya ya yi kiɗan goge, amma ya daɗe da ajiyewa. Muka gaisa, zan kashe wayar ya ɗaga hannu.

"Bar ta, ɗana. Dawo da ita farko."

Ya zauna a benci ya runtse ido, mutumin da ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya ji. Da mawaƙin ya yi shiru jita ta karɓa, sai na ga yatsunsa na hagu suna bin ta a kan gwiwarsa, ba kuskure.

Habu ya ce, "Baba, nawa ka ba ta?"

Ya buɗe ido. "Mai kaɗa tsirkiyar nan ya binne wani nasa. Kai ka taɓa zuwa gidan makoki ka ba kuka maki?"

Na saurari waƙar nan ya fi sau ɗari. Ashe sai yau na ji ta.