Na Tsakiya a Hoton

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina fatan rahamar Allah tana isa inda kike kwance.

Wani tsohon hoto ne ya sa nake rubuto miki, marar kala, yana ta yawo a wayoyin mutane. Maza uku ɗaure a jikin turaku, sojoji sun saita bindigogi, 'yan ƙauye sun yi dafifi har kan bishiya. Wai can bayan Kankiya ne, zamanin da ake harbe 'yan fashi a bainar jama'a. Na tsakiyan yana da bille a kuncin hagu, irin naki sak.

Na kai wa ƙanen babanki, Baba Malam, a Kusada. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kife wayar a kan tabarma, ya ce yayanki ne. Ba a ba ku gawa ba. Kaka, wato babanki, ya hana zaman makoki, ya hana ambaton sunansa a gidan.

Inna, tun ina rarrafe kike ce mini Yaya. Na ɗauka kunyar ɗan fari ce ta hana ki faɗin sunana, har ina tsokanarki wai kin girmama ni da yawa. Sai ki yi murmushi ki kau da kai. Ashe ke kika roƙi mahaifina ranar suna, a ɓoye, ya sa mini sunansa.

Da wainar nan ta kowace Juma'a. In mun kai hannu ki buge, ki ce, "Ta wani bawan Allah ce." Kin yi makokinsa ke kaɗai a bakin murhu, mu muna zaton hayaƙi ne.

A ƙarƙashin hoton mutane sai rubuta "Allah ya ƙara" suke yi. Ko ya aikata ko bai aikata ba, ban sani ba. Baba Malam ya ce in ja bakina, ina da 'ya'ya mata, kuma masu neman aure sukan tona asali. Gaskiya ina jin tsoro, Inna. Amma shirun da ya cinye ki ya ishe mu haka.

Allah ya jiƙanki, ya yafe masa, ya haɗa ku inda ba mai hana ki kiran sunansa.

Ɗanki,
Haruna, mai sunan na tsakiya a hoton.