Ƙusar Anka a Aljihuna

Sri Petaling,
14 ga Maris, 2006

Yaya Datti,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da Yaya Habiba da yara. Yaya ruwa, yaya kamu? Ni jikina lafiya lau, zuciyata ce ba lafiya.

Ka san bakina. Tun zuwana garin nan ba wanda ban cika wa kunne ba cewa ni ɗan Yawuri ne, a cikin kwalekwale aka yanke mini cibiya. To, maigidan hayarmu, Pak Hafiz, ya sayi ƙaramin jirgin kamun kifi ya ajiye a ƙofar gida, ya ce tunda ga gwani a kusa, ni zan taya shi ɗaura anka, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, a goshin jirgin. Muka huda katako, muka kafa ƙarfen da ankar ke kwanciya a kai, muka naɗe sarƙa a gefe. Sai ya miƙo mini wata doguwar ƙusa, ya nuna mini ramin da ake zura ta don ta riƙe ankar idan jirgi na gudu, ya shige gida.

Yaya, na raina ƙusar nan. Na ce mu da muka gaji ruwa, me za mu yi da tsinke? Na ɗauko igiya na yi zargen nan da Baba ya koya mana, wanda fizga ɗaya ke kwancewa, na jefa ƙusar a aljihu. Na manta cewa kogin garinmu ba ya dukan jirgi irin dukan teku.

Ranar Asabar muka fita teku ta tashar jiragen ruwa ta Klang, da Pak Hafiz da abokin ɗakina Alfred, ɗan Jos ɗin nan da ke ci wa kwalejinmu ƙwallo. Ya zauna a gaba yana shan iska. Igiyar ruwa ta yi ta ɗaga mu tana bugawa har zargen ya saki. Ankar ta faɗa, sarƙa ta bi ta da gudu, ta haɗa da ƙafar Alfred ta dama.

Yanzu yana asibiti, an cire masa yatsu biyu. Pak Hafiz ya ɗauka ƙusar ce ta zame ta faɗa ruwa, sai zagin mai shagon da ya sayar masa yake. Mama Felicia, mahaifiyar Alfred, ta bugo daga Jos tana sa mini albarka don ni na goya ɗanta zuwa mota. Na ce amin da ƙusar a aljihuna. Wallahi ko abincin da nake yi masa tapau, wato in sayo a ƙunshe in kai masa, ba na iya kallon sa yana ci.

Kada ka gaya wa Inna tukuna. Ka yi mini addu'a.

Ƙaninka,
Sirajo

Sri Petaling,
2 ga Afrilu, 2006

Yaya Datti,

Ina gaishe ku da kyau, Allah ya sa ciwon bayan Inna ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, faɗan da ka yi kuma na cancanci fiye da shi. Gaskiyarka, baki shi kan yanka wuya, sai dai wannan karon wuyan wani ya yanka.

Na yi yadda ka ce. Pak Hafiz na fara samu. Bai zage ni ba, ya dai karɓi makullin jirgin da ya ba ni ajiya, ya je ya nemi gafarar mai shago.

Jiya na ɗauki ƙusar na kai wa Alfred, an sallamo shi yana dogara sanda. Na ajiye ta a gabansa na faɗi komai, ina jira ya kwaɗa mini sandar, da na fi samun sauƙi. Sai ya ce ai ya sani. Yana tsaye a taga ranar, ya ga lokacin da na sa ta a aljihu. Ya ce a ransa ya ji ba daidai ba ne, amma ya tuna ɗan Yawuri ba ya kuskure a ruwa, shi ya sa ma ya zaɓi ya zauna kusa da ƙullina.

Yaya, ni na gaya masa haka, ba sau ɗaya ba.

Takalman ƙwallonsa suna nan bakin ƙofa, kullum sai na tsallake su zan fita. Ya hana ni ɗauke su.

A gaida kowa da kowa.

Naka,
Sirajo