Rubutun Hannun Maigidana Yana Sitonku

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Maɗaba'ar Jami'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya tare da iyali da ma'aikata. Allah gafarta Malam, ni ba mai son kai magana jarida ba ce. Na rubuto muku a rufe har na gaji, shiru kake ji, shi ya sa yau na buɗe.

Sunana Hadiza, tsohuwar malamar firamare a ƙasar Zango, masarautar Daura. Tun ina aiki nake bin tsofaffin mata a ƙauyukanmu ina rubuta waƙoƙin niƙa da na daka, domin inji ya shigo, dutsen niƙa ya koma abin tokare ƙofa. Sai dai rubutuna kamar tonon kaza yake, ɗalibaina ma sun shaida. Maigidana kuwa, Allah ya jiƙansa, tsohon akawun kotu ne, hannunsa kamar bugun inji. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma, ina karanto masa yana kwafewa a manyan takardu. Yakan tsokane ni wai ya auri malama, ga shi da furfura an mayar da shi aji ɗaya. In aka zo baitin da ya ɗan yi yaji, sai ya ajiye alƙalami ya yi istigfari, ya ɗauka ya rubuta abinsa. A gefen shafi kuma ya sa: "Hajiya, wannan kam ke kika ƙara."

Ga abin da ya faru tsakanina da ofishinku.

Na farko. A shekarar da aka fara Shari'a a jiharmu muka hau mota daga Daura, ni da shi, muka kawo muku littafin naɗe cikin sabon zane. Editanku ya karɓa da fara'a, ya yaba tsabtar rubutun, ya ce ba sai mun buga da tafireta ba, ku za ku yi. Muka bar shi a hannunsa amana, muka komo da murna.

Na biyu. Da muka ji shiru muka tambaya, aka ce tunda waƙoƙin mata ne, dole kwamiti ya duba ko akwai abin da ya saɓa wa Shari'a. Ban yi musu ba, ni ma Musulma ce. Damina biyu ta wuce. Duk ranar da Malam maigidana ya shiga Daura sai ya biya gidan waya, ya dawo yana kaɗa mini kai tun daga zaure.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Takardarku ta iso, wai in bayyana gaban kwamiti cikin wata guda. Ta same ni a kan tabarmar karɓar gaisuwa, ba a ma yi addu'ar bakwai ba. Malam ya rasu, ina takaba. Na rubuta bayani na ba ƙanena Sani, mai kai dabbobi Kano, ya ratse ya kawo muku, na kuma wakilta shi. Aka ce masa doka ba ta yarda da wakili ba, sai marubuci da ƙafarsa. Da na fita takaba na zo da kaina. Aka nuna mini fayil an rufe, an rubuta a kai wai marubuciya ta watsar da aikinta. Littafin kuma an kai shi sito cikin takardun da ake ƙonewa a ƙarshen shekarar karatu, ba ya fita sai da sa hannunku, ku kuma kun yi tafiya. Na zauna a bencin ƙofar ofishinku har aka tashi, babu wanda ya ce mini ci kanki.

Tsakani da Allah, ranka ya daɗe, da sunan Shari'a kuka riƙe mini littafi shekara biyu, sannan kuka hukunta ni don na bi ta. A cikin kwamitin nan, duk malamai, ashe babu wanda ya san wata huɗu da kwana goma? Ko so aka yi in bar ɗakin mijina in hau motar haya don in kare waƙar daka? Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Waƙoƙin ba su ɓata ba, suna nan a tsofaffin littattafaina da mummunan rubutuna. Abin da ba ni da shi, hannunsa ne. Allah bai ba mu haihuwa ba. An raba gado, rigunansa da littattafansa sun tafi wurin 'yan'uwansa, aikinsa na kotu kuma na kotu ne. Yanzu ni kaɗai ce a gidan. Da safe ina lallaɓawa, amma in la'asar ta yi sai in rasa inda zan sa kaina. Nakan kunna rediyo don kawai in ji wani yana magana.

Roƙona kaɗan ne. Ku hana a ƙone takardun nan. Ku sa hannu a fito da su, a ba Sani, ko a aiko mini in zo ko da ranar kasuwa ce. Ku kuma gyara dokarku, domin bayana akwai mai takaba da mai jego da za su kawo muku rubutu. Maganar bugawa na bar muku. In kun ga dama ku buga, in ba ku gani ba na yafe.

A shafin ƙarshe, da maigidana ya gama kwafewa, ya sa hannu, ya miƙo mini alƙalamin na sa nawa kusa da nasa. Malam bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Wannan shafin ne kaɗai wurin da ya rage muna tare.

Allah ya ƙara muku lafiya da adalci, ya raya muku zuriya, ya bar ku da iyalinku har tsufa. Allah ya sa takardar nan ta riga ashana isa sitonku.

Wassalam.

Taku,
Malama Hadiza,
Zango, masarautar Daura.