Haƙorin Saratu da Hukuncin Zaure

Zuwa ga Mai Girma Mai Garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'arka. Ni ce uwar Saratu, mai tuyar ƙosai a bakin hanyar Jega. Sai da na wuce talatin na shiga ajin yaƙi da jahilci, in ka ga layi ya karkace a yi mini afuwa. Na rubuta a fili ne don kowa ya ji, har uban yarinyar.

Na ɗaya. Shekara uku ke nan da aurenmu ya mutu. Ba mu je kotu ba, dangi sun ce tonon asiri ne. A zaurenka ka yanke cewa Saratu ta zauna wurina har ranar da haƙorinta na fari ya faɗi, sannan ta koma Aliero wurin ubanta, kafin nan yana zuwa ganinta duk Juma'a. Ba a rubuta komai ba. Shaidu biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗayan ya ce shi goron da aka raba kawai yake tunawa. Na yarda a lokacin, don haƙoran ɗiyata kamar an kafa su da guduma.

Na biyu. Tun da ta cika shida tsarabar ubanta ta canza. Da can in ya sauke albasa a kasuwa, burodi da ayaba yake kawo mata. Yanzu goruba ce, da rake, da busasshiyar aya, da gandar da ko karen mahauta sai ya tsaya ya yi shawara. Kafin ya tambayi lafiyarta sai ya ce ta buɗe baki, ya sa yatsa yana latsawa kamar mai neman ruɓaɓɓiya a buhu.

Na uku. Ni ma ba zan ɓoye nawa ba. Wata huɗu ke nan daga kunu sai fura sai tuwo mai ruwa-ruwa. Na ɓoye asuwaki. Ko ƙosaina sai na jiƙa mata shi a koko.

Na huɗu, kuma shi ne mai nauyin. Ranka ya daɗe, haƙorin ya faɗi. Ba goruba ta cire shi ba, cikin kokon nan nawa ya faɗa, Larabar makon jiya. Na ruɗe, sai na gaya mata abin da aka gaya mana muna yara, cewa in ƙadangare ya ga giɓin, sabo ba zai fito ba. Na ƙara nawa, na ce ƙadangarun garin nan sun fi yawo ranar Juma'a. Ubanta ya zo, ta gaishe shi da ka, ya tafi yana cewa na koya mata raini.

Yarinyar da maƙwabta ke jin dariyarta ta katanga, yau kwana takwas ba ta yi dariya ba. A Islamiyya hannu a baki take karatu. Jiya ta ga ƙadangare a jikin rumbu, ta ruga ɗaki tana kuka baki a rufe. Ni na jawo mata wannan.

Roƙona shi ne ka kira mu zaure, tare da malamin da zai faɗi abin da addini ya ce kan riƙon ɗiya mace. A sa ranakun da zai gan ta da waɗanda za ta je masa hutu, a rubuta a takarda, yanzu ina iya karantawa. Ban hana shi ɗiyarsa ba, na san yana son ta. A dai cire haƙori daga maganar. Yana nan ƙulle a bakin zanena in ana son shaida.

Gobe Juma'a, zai zo. Na gaya wa Saratu ƙarya na yi, ta buɗe bakinta ko wa zai gani. Ta ce ba za ta buɗe ba sai Mai Gari ya hana ƙadangaru kallo.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka naka.

Wassalam.

Uwar Saratu