Tsakar Gidan da Ka Shafe da Siminti

Tudun Wada,
9 ga Maris, 1999.

Zuwa ga ɗana Zailani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Dije. Yaya zafin Legas? Allah ya sa ba ka wasa da salla.

Takardarka ta iso. Sau uku na karanta bayanin aikinka kafin na gane. Ka ce ka haɗa furogiram mai gwada sauran furogiram da kansa, ba ya kallon hoton da ke fuskar kwamfuta, sai ya bi hanyar da na'urar da ke karanta wa makafi kwamfuta take bi, ya tambayi kowane maballi sunansa, ya danna. Wanda ba shi da suna ya rubuta shi a laifi. Madalla.

To, ka san haƙƙin makafin duniya, ka manta na gidanku. Simintin da ka sa Lado magini ya shafe tsakar gida da bango da shi ya yi kyau ga mai ido. Amma mahaifinka da kaushin bango yake gane hanya, da tsohon turmi, da saiwar lemun nan. Duk kun kawar. Sau biyu yana nufin zaure ya tsinci kansa a garken awaki. Yau kwana tara bai je masallaci ba, wai ƙafa ke ciwo. Ƙafarsa lafiya lau. Ka san shi, ba zai yarda a ja masa sanda ba.

Alherin da ba a yi shawara ba, ɗana, wani lokacin nauyi ne. Na san don ƙauna ka yi.

Mahaifiyarka,
Tasalla.

Tudun Wada,
2 ga Afrilu, 1999.

Zailani,

Gaisuwa da fatan alheri. Dije ta ce ka rame tun zuwan takardata. Ka ci abinci, kuma kada ka sa a fasa simintin, almubazzaranci ne.

Dabararka na ara. Na ɗaure idona da ɗankwali, na taso daga ƙofar Malam mahaifinka, duk abin da hannuna ya taɓa na tambaye shi sunansa. Wurare bakwai suka yi shiru, na kuma ƙuje gwiwa. Saude maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta yi dariya har da tari. Lado ya kafa marafan kwalba a bango, ɗaya wajen randa, biyu wajen bayi, uku wajen zaure. Turmi ya koma mazauninsa. Kowace Juma'a bayan shara nakan sake gwadawa, don kaya ba sa zama inda aka ajiye su.

Jiya Malam ya je azahar shi kaɗai. Ya ce ƙafar ce ta warke. Kada ka gaya masa komai.

In ka zo Ƙaramar Salla, kafin ka ci tuwona sai na ɗaure maka ido ka kai kanka zaure. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka mai kewarka,
Tasalla.