Takardar da Ba Tasu Ba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya ƙafar Mama, kumburin ya sauka? Don Allah kada ki karanta mata wannan wasiƙa.

Yaya, na yi ɓarna. Kin san ƙungiyar masu fitar da zuma ce ta ɗauke ni in ba ta shawara, don a buɗe mata kasuwar wannan ƙasa da muka zo. Wata takwas ina shirin wannan zama. Takardu biyu na rubuta: ɗaya ta abin da za mu nema, ɗayar ta sirri, mai nuna iyakar inda za mu iya ja da baya. Yau da hantsi sakataren ɗaya ɓangaren ya ce in tura masa ta farko. Ina sauri, waya na ta ƙara, na tura. Sai da na zauna shan shayi na duba kwamfuta, na ga ta sirrin ce ta tafi. Har ya amsa da godiya.

Gobe za mu zauna da mutanen da suka san cikinmu tsaf, mu kuwa ba mu san nasu ba. Shugaban tawagarmu dattijo ne, shekara talatin yana sana'ar zuma, 'yarsa yake kirana. Ɗazu a bakin ɗakin taro ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne ya buge ni. Ina iya kama bakina, wataƙila ba wanda zai taɓa sani. Wataƙila kuma ɗaya ɓangaren su tona maganar a gaban kowa. Wallahi ban san wanne ya fi tsinka mini zuciya ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da kyau, a shafa mini kan yara. Da fatan Mama na samun sauƙi.

Na faɗa wa shugaban tawagarmu, saura minti goma a shiga. Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa, ni kuwa ina jiran ya ce in tattara kayana. Sai kawai ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar sirrin.

Muna zama, kafin kowa ya buɗe baki, ya miƙe ya karanta ta da kansa, layi bayan layi. Ya ce sun riga sun gani, to su sani nan ce iyakarmu, ko taku ɗaya ba za mu ƙara ba. Shugabarsu ta kalli sakatarenta, shi kuma ya sunkuyar da kai.

An sa hannu, Yaya, za a shigar da zumar. Amma iyakar nan kawai suka ba mu. Mun so a bai wa ƙananan masu kiwon zuma shekara uku su samu takardar gwajin inganci, sai aka tsaya a wata shida. Da yawansu ba za su cim ma hakan ba.

Dattijon bai kore ni ba. A mota ya ce idan mun dawo, ni zan tsaya gaban mutanen nan in gaya musu dalili da bakina, sannan mu ga nawa za mu iya kaiwa ga gwajin. Su ɗari biyu da arba'in ne. Na san sunayen fiye da rabinsu, na zauna a gidajensu.

Ranar Asabar ne taron. Idan da hali ki zo ki zauna a baya, inda zan iya hango ki.

Ƙanwarki,
Auta